Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu da Kansiloli: a tambayi gidaje kafin a rubuta kasafin kuɗi

Mai girma Shugaba, masu girma Kansiloli,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da jama'a suka ɗora muku, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a fili maimakon in kai ta sakatariya a buga mata hatimi a ajiye a fayil, domin abin da nake roƙo ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma ina so mutanen da maganar ta shafa su karanta su tofa albarkacin bakinsu. Roƙona shi ne, kafin a zauna rubuta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma na gaba, majalisarku ta sa a gudanar da binciken jin ra'ayin jama'a gida-gida a kowace mazaɓa, bisa tsarin da masana ƙididdiga suka yarda da shi, sannan a dawo mana da sakamakon a bainar jama'a tare da bayanin abin da majalisa za ta yi da shi.

Maganar ba haka kawai ta taso ba. A ranar 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai ke da hurumin riƙe su, ba kantomomin riƙo ba. A watan Oktoba na 2024 ɗin aka yi zaɓe a ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da mazaɓunsu 287, wanda ya kawo ku kan kujerun da kuke kai. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin, kuma wannan muhawara ce da ta fi ƙarfin wasiƙar nan, amma manomin da ke sauraron rediyo a bakin gonarsa ya riga ya ji cewa kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne, saboda haka amsar nan ta "kuɗin suna Dutse" ba ta kwantar masa da hankali yadda take yi a da. Tunda kuɗin namu ne, kuma ku aka zaɓa ku kashe su a madadinmu, muna da haƙƙin sanin hanyar da kuke bi wajen gane abin da ya kamata a fara yi da su.

Na san amsar da za a fara ba ni, cewa ku 'yan ƙasa ne, a nan aka haife ku, kun san ba ruwa, ba hanya, ba magani a asibiti, don haka babu dalilin ɓarnatar da kuɗi a kan takarda. Ban musa cewa kun san sunayen matsalolin ba. Abin da nake tantama a kai shi ne ko akwai wanda ya san a wace unguwa kowace matsala ta fi tsanani, gidaje nawa ta shafa, kuma wacce mutanen wurin za su zaɓa idan aka ce kuɗin ba zai isa a yi duka ba. Hanyar da bayani ke bi ya iso gare ku a yanzu tana tace shi tun kafin ya iso. Duk wanda ya taɓa halartar irin zaman da ake yi idan manya suka zo ƙauye ya san yadda yake gudana. Tun da hantsi an kafa rumfa a ƙofar gidan dagaci, an jera kujerun roba a gaba, an shimfiɗa tabarmi a baya. Kujerun na masu unguwanni ne da liman da shugaban jam'iyya na mazaɓa da masu hannu da shuni biyu ko uku, masu tabarma kuwa nasu kallo ne da tafi. Sai a miƙa lasifika ga wanda ya iya baki, ya yi godiya mai tsawo, ya jero sunayen baƙi da muƙamansu ɗaya bayan ɗaya, sannan gab da ya zauna ya ce garin nan yana buƙatar hanya da ƙarin ajujuwa da katange maƙabarta. Ba ƙarya ya yi ba. Amma matar da ta tashi 'ya'yanta tun asuba ta tura su da jarkoki zuwa rijiyar bayan gari, saboda famfon tuƙa-tuƙa na unguwarsu ya shekara a lalace a kan wata 'yar roba da kuɗinta bai kai na hayar rumfar taron ba, tana cikin gida, ba ta san an yi zaman ba sai da ta ji tashin motoci. Bafulatanin da ke ruga ba a aika masa ba, masunci yana kan ruwa, gurgu da makaho kuwa ko sun zo ba a ɗauke su masu ra'ayi ba, an ɗauka sun zo neman sadaka ne.

Illar wannan tana nan a fili a ƙauyukanmu. Mai magana a gaban manya sabon abu yake roƙa, domin shi ake yanka wa kyalle a ɗauki hoto, gyaran tsoho kuwa ba shi da mai roƙa. Shi ya sa za ka ga sabon tankin ruwa mai sola a tsakiyar gari alhali famfuna huɗu ko biyar sun mutu a unguwanni, ko ka ga sabon aji an shafa masa fenti kusa da tsohon da iska ta yaye wa rufi tun bara waccan.

Ba na raina ƙoƙarin da aka yi a baya na sauraron talaka a jihar nan. A 2008 gwamnatin Alhaji Sule Lamido ta shirya taron talakawa a Dutse inda aka ba masu ƙaramin ƙarfi dama su faɗi damuwarsu da bakinsu, gwamnatin Malam Umar Namadi kuma ta fito da shirin Gwamnati da Jama'a da ke zagaya ƙananan hukumomi. A jihar Kaduna an gwada tsarin da al'ummomi ke rubuta buƙatunsu bisa fifiko domin a shigar da su kasafin kuɗi. Duka waɗannan suna da amfani, kuma sun nuna cewa jama'a suna da abin faɗa idan aka ba su fili. Sai dai taro komai girmansa wanda ya zo yake ji, cikin waɗanda suka zo ɗin ma sai wanda lasifika ta kai gare shi. Ƙaramar hukuma, wadda tun gyaran 1976 aka tsara ta domin ta zama gwamnatin da ta fi kusa da mutane, ita ce kaɗai ke da halin yin abin da taro ba zai iya ba, wato ta tashi ta je gidan wanda bai zo ba.

Binciken da nake nufi ba ƙidayar jama'a ba ce, wannan aikin gwamnatin tarayya ne, kuma rabon da a yi shi tun 2006. Ba sai an shiga kowane gida ba. Ɗan kasuwar da zai sayi buhun gero a Gujungu ba ya zazzage buhun gaba ɗaya, amma kuma ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya cusa hannu ya ɗebo daga tsakiya da ƙasa, domin ya san mai kyau ake ɗorawa a sama. Masana ƙididdiga sun yi lissafin cewa idan aka zaɓi gidaje 1,000 ba tare da son rai ba, sakamakon ba ya kauce wa ra'ayin jama'a gaba ɗaya da fiye da kimanin kashi 3 cikin ɗari, idan kuwa gidaje 100 ne kaucewar tana iya kaiwa kimanin kashi 10. Ke nan ƙaramar hukuma mai mazaɓu goma, idan ta ɗauki gidaje 100 a kowace mazaɓa, za ta sami tabbataccen bayani a kan ƙaramar hukumar baki ɗaya, da kuma bayani mai ɗan dama a kan kowace mazaɓa, wanda ya isa ya nuna manyan bambance-bambance. Ma'aikata 20, kowanne yana kammala gida 8 a rana, za su gama wannan a mako guda. Nauyin maganar duka yana kan zaɓen gidajen ne. Dole a fara da jerin duk ƙauyuka da unguwanni da rugage, sannan a kowane wuri a bi ƙa'ida guda, misali a ƙirga gidaje a shiga kowane na goma, ko da na goman nan bukka ce a ƙarshen gari. Ranar da aka bar wa mai unguwa ko kansila ya nuna gidajen da za a shiga, an koma zaman ƙofar gidan dagaci, sai dai an ƙara masa takarda da biro.

Jerin ƙauyukan ma ba sai an ƙirƙiro shi daga farko ba. Shekara da shekaru ma'aikatan rigakafin shan inna suna bin gidajenmu ɗaya bayan ɗaya, suna rubutu da alli a bango, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma yana da tsarin zagayen nan, kuma matan da suka yi aikin sun san rugar da babur ba ya kaiwa, sun san gidan da sai an yi sallama sau uku. Gwamnatin da ta iya kai wa kowane yaro ɗigon magani har ɗakin uwarsa ba za ta ce ba ta san hanyar zuwa ta tambayi uwar tasa ra'ayinta ba.

A cikin gida kuma akwai wata tacewar. Idan baƙo ya yi sallama da takarda a hannu, amsar da zai samu daga ciki ita ce "mai gidan ba ya nan", in kuma yana nan shi zai fito zaure ya amsa da yawun kowa. To amma ba mai gida ne ke zuwa awon ciki ba, ba shi ne ke lissafin jarka nawa za ta kai gidan yamma ba, kuma sau da yawa ba shi ne ya san ranar da yara suka dawo daga makaranta da hantsi saboda malami bai zo ba. Don haka wajibi ne rabin waɗanda za a tambaya su kasance mata, kuma mata ne za su shiga su tambaye su, bayan an nemi izinin mai gida yadda al'ada ta tanada. A kuma tanadi masu jin Fulatanci domin rugage, da masu jin harshen Mangawa ko Badawa inda ake da su, saboda mutum yakan gaisa ya yi ciniki da Hausa amma idan aka zo bayanin damuwa ya fi sakewa da harshen uwarsa. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa ba na goyon bayan a wadatu da jefa tambayoyi a Facebook ko WhatsApp, duk da arharsa. Abin da za a samo ta nan ra'ayin samari ne masu babbar waya da kuɗin data, da 'yan bokonmu mazauna Kano da Abuja, waɗanda suna da haƙƙin magana amma ba su ne ke shan ruwan rijiyar ba.

Sai batun yarda, wanda idan aka yi sake da shi duk aikin ya tashi a banza. Dattawanmu ba su manta da zamanin da malamin hakimi yake zuwa rubuta sunaye domin haraji da jangali ba, kafin gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta soke su a 1979, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kano. Har gobe idan ka tambayi makiyayi yawan shanunsa da takarda a hannu sai ya dube ka ya yi murmushi. Matasa kuwa wani darasin suka koya, cewa duk wanda ya zo rubuta suna tallafi ya kawo, saboda haka kowa yakan ƙara wa talaucinsa gishiri, wanda aka tsallake gidansa kuma ya riƙe mai unguwa a zuci. Maganin duka biyun guda ne: kada a rubuta sunan kowa, kada a nemi lambar katin ɗan ƙasa ko ta banki ko katin zaɓe, kuma tun mako biyu kafin a fara a yi shela a masallatan Juma'a da kasuwanni da rediyo cewa wannan ba rajistar tallafi ba ce, ba ta haraji ba ce, kuma wanda ba ya son amsawa ba dole. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin ya faɗi dalilin tattarawa ya kuma tsare abin da ya tattara. Ba sai na faɗa ba, kada a tura yaran jam'iyya wannan aiki, domin wanda bai zaɓe ku ba ba zai faɗa wa mai hular jam'iyyarku gaskiya ba, alhali shi ma kuɗinsa ne kuke riƙe da su.

Tambayoyin kansu su ne inda na fi so majalisa ta zauna ta yi dogon nazari. Idan aka tambayi mutum ko yana son a gina asibiti a garinsu, zai ce yana so, haka zai ce idan aka tambaye shi ko yana son hanya ko wutar lantarki, kuma a ƙarshe a tara takardu dubu da ba su faɗa wa kowa komai ba. Haka nan tambayar ko ya gamsu da aikin ƙaramar hukuma, wadda kunya da kara kaɗai sun isa su sa ya ce alhamdu lillahi. Tambayar da ke da amfani ita ce wadda ke neman abin da ya faru da mutum. Karo na ƙarshe da wani ya kwanta rashin lafiya a gidan nan, ina aka kai shi, nawa aka biya ɗan acaɓa, an tarar da ma'aikaci a asibitin ko an tarar da kwaɗo a ƙofa, an ba da magani ko an rubuta takarda an ce a je kemis? Haihuwar ƙarshe a gidan nan, a ina aka yi ta, wa ya karɓa? Jiya daga ina aka ɗebo ruwan sha, wa ya ɗebo, tsawon wane lokaci ya ɗauka, in an saya wajen ɗan ga-ruwa nawa jarka? Cikin yaran gidan da suka isa shiga firamare nawa ne suka je makaranta a makon da ya wuce, waɗanda ba su je ba me ya hana su? Wanda ke kasa kaya a kasuwa, nawa ake karɓa a hannunsa ranar kasuwa, kuma ana ba shi rasit? Makiyayi, burtalin da yake bi zuwa mashaya yana nan ko an nome shi? Manomi, dabbobi sun shiga gonarsa bana, in sun shiga wa ya raba gardamar? Irin waɗannan amsoshi ana iya ƙirga su, ana iya kwatanta mazaɓa da mazaɓa, kuma idan aka sake yin tambayoyin nan bayan shekara biyu za a ga abin da ya sauya da wanda bai sauya ba. Za su kuma fito da abin da wasu ba za su so a ji ba, musamman batun rasit da batun kwaɗo a ƙofar asibiti, kuma ina ganin wannan na cikin amfaninsu.

Ya kamata tambayoyin su tsaya a kan abin da ke hannunku. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ciki har da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan da hannu a ilimin firamare da na manya da kiwon lafiya da bunƙasa noma. A nan bakin kogin Haɗejiya babu shakka mutane za su kawo maganar ambaliya ko ba a tambaye su ba, domin ba wanda ya manta da ɓarnar 2022. Ku ba ku da iko da ruwan madatsun Tiga da Challawa, kuma cire ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa ya fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma guda. Amma ɗaura jinga a bakin gari, da yashe kwalbati kafin damina, da tanadin buhunan yashi, da sanin makarantar da za a tsugunar da mutane idan ruwa ya shigo, duka kuna da hannu a ciki, kuma a kan waɗannan za a yi tambaya. Abin da ya fi ƙarfinku a tattara shi daban a miƙa wa gwamnatin jiha da hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are da alƙaluma a hannu, wanda ya fi wasiƙar koke nauyi nesa ba kusa ba.

A ƙarshen kowace hira sai a zo kan zaɓi, domin kasafin kuɗi ba komai ba ne face fifita wani abu a kan wani. Ga wanda bai yi karatun boko ba akwai hanya mai sauƙi da masu aikin raya karkara suka daɗe suna amfani da ita. A ajiye masa katuna masu hoto, wannan famfo, wannan aji, wannan asibiti, wannan kwalbati, wannan rumfar kasuwa, a ba shi tsakuwa goma a ce ya raba yadda zai raba kuɗin da a ce a hannunsa suke. Mai kallo zai ga yadda tsohuwa takan ɗora bakwai a kan famfo ba tare da ta tsaya tunani ba, sannan ta riƙe ukun da suka rage tana juya su a tafin hannu kafin ta yanke shawara tsakanin asibiti da makarantar jikokinta. A sa kati guda na gyaran abin da ya lalace, dabam da gina sabo, a ga tsakuwa nawa zai samu.

Lokacin yin aikin ma sai an zaɓa. A Jigawa ana gabatar da kasafin ƙananan hukumomi ga majalisar dokokin jiha wajen ƙarshen shekara, don haka binciken da aka yi a watan Nuwamba ya makara. Da damina mutane suna gona kuma wasu ƙauyukan ruwa ya yanke su, da kaka ana girbi, bayan kaka kuma samari sun tafi cin rani. A ganina bazara ta fi dacewa, lokacin da 'yan cin rani suke dawowa sharar gona, hanyoyi suna biyuwa, kuma akwai sauran watanni da za a tattara sakamako a tattauna shi kafin a fara rubuta kasafi. Sai dai a lura cewa a bazara rijiyoyi suke ƙafewa, saboda haka kukan ruwan sha zai danne na ambaliya idan ba a sa tambayar ambaliya a takarda da gangan ba.

Game da kuɗi da ma'aikata, ba sai an ɗauko ɗan kwangila daga Abuja ba. Muna da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya a Dutse, da kwalejin Binyaminu Usman a Haɗejiya, da kwalejin ilimi a Gumel, inda za a iya neman malaman da za su tsara tambayoyi da zaɓen gidaje, su horar da masu ɗaukar bayanai, su kuma riƙe lissafin a hannunsu domin kada a zargi sakatariya da gyara alƙaluma. Masu shiga gidaje za a same su cikin ɗalibanmu da malaman firamare da matan da suka yi aikin rigakafi, da sharaɗin kada a tura kowa mazaɓarsa ta haihuwa. Akwai manhajoji irin su KoboToolbox da ke aiki a wayar hannu ko babu intanet, a tura bayanan daga baya idan an shigo inda ake da sabis. Abin da za a kashe bai wuce alawus da man babur da horo na kwana biyu ko uku ba, kuma duk wanda ya san abin da ake kashewa a bikin ƙaddamar da aiki guda zai iya kwatantawa da kansa.

Masu girma Kansiloli, kada ku ɗauki wannan a matsayin ƙwace muku wakilci. Kansilan da ya shiga zauren majalisa da takardar da ke nuna cewa gidaje kaza cikin ɗari a mazaɓarsa suna tafiyar fiye da awa guda neman ruwa ya fi ƙarfin magana a kan wanda ya shiga da "mutanena suna kuka", kuma idan masu neman alfarma suka cika masa zaure yana da hujjar da zai nuna musu. Iyayen ƙasa kuma, hakimai da dagatai da bulamai da masu unguwanni da arɗo-arɗo, da su za a fara, domin ba mai shiga gari ba da saninsu ba, kuma kalmarsu ce za ta sa a buɗe ƙofa. Abin da kawai za a roƙe su shi ne su yi wa aikin albarka su bar masu tambaya su keɓe da wanda ake tambaya. Haka kwamitocin raya mazaɓu da na kula da makarantu, su ma a sanar da su tun farko.

Mai girma Shugaba, sharaɗin da na fi ba muhimmanci shi ne dawo da amsa. An sha zuwa ƙauyukan nan da takardu, daga ƙungiyoyi da hukumomi da ɗalibai masu bincike, a zaunar da mutane a tambaye su tun daga abin da suka ci jiya har yawan kajinsu, a tafi, shi ke nan. Shi ya sa yanzu da an ga mai takarda sai ka ji ana cewa "sun sake dawowa". Idan majalisarku ba ta shirya bayyana sakamakon ba, ciki har da ɓangaren da bai yi mata daɗi ba, gara kada a fara, domin za a ƙara kashe wa mutane gwiwa ne kawai. Idan kuwa an shirya, to cikin wata biyu da kammalawa a liƙa sakamakon kowace mazaɓa a ƙofar gidan dagaci da asibiti da makaranta, da boko da ajami, a karanta shi a Rediyon Jigawa ko Sawaba, sannan majalisa ta yi zama a buɗe ta ce ga abin da muka sa a kasafin bana, ga abin da muka ɗage zuwa baɗi, ga wanda muka miƙa wa jiha, ga kuma wanda ba za mu iya ba da dalilinsa. Talaka yana da haƙurin jin "babu kuɗi bana" idan aka faɗa masa a fuska aka nuna masa inda kuɗin suka tafi. Ya kuma dace a zartar da tsarin a matsayin ƙudurin majalisa, a ware masa layi a kasafi, yadda wanda zai gaje ku zai tarar da shi a rubuce.

Ina roƙon a sa wannan batu cikin ajandar zaman majalisa na gaba, a kafa ƙaramin kwamiti da zai haɗa da jami'in tsare-tsare da shugabannin sassan lafiya da ilimi da ayyuka da noma, da wakilin hakimi da wakiliyar mata, a ba shi wa'adi ya kawo daftarin tambayoyi da ƙiyasin kuɗi. Mu tsofaffin malamai da muka yi ritaya muna nan a garuruwanmu, kuma a shirye muke mu taimaka wajen gwada tambayoyin a kan mutane kafin a buga su, da mayar da sakamakon zuwa ajami, ba tare da an biya mu ba.

Allah ya yi muku jagora. Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare,
daga ɗaya daga cikin ƙauyukan bakin kogin Haɗejiya, jihar Jigawa.